Launi, Zane da Laushi: Yadda Adon Ɗaki ke Shafar Mai Ɗaki

  

Yau zancen ɗaki za mu yi. Ɗakin da kike zaune a ciki yanzu, uwargida. Ɗakin da za ka koma ka kwanta in dare ya yi, maigida. Za mu duba abu uku: launin da ke ɗakin, zanen da ke jikin kayansa, da kuma yadda kayan suke in an taɓa su, wato laushinsu da kaushinsu da santsinsu.

Bari in fara da tambaya. Fentin da ke bangon ɗakinku, wa ya zaɓe shi? Sau da yawa mai fenti ne. Ko mai gidan haya. Ko wata ƙawar amarya da ta ga hoto a waya ya burge ta. Wanda zai kwana a ɗakin shekara da shekaru, shi ba a tambaye shi ba. Abin da ya dame ni ke nan, kuma a kansa shirin yau zai tsaya: ɗaki na mai kwana a cikinsa ne. Baƙo zai zo ya yaba, ya sha ruwa, ya tafi. Ke ce za ki wuni a ciki. Kai ne za ka kwana a ciki.

To, mu shiga kashi na farko, wato launi.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa, zafi. Farin abu yana mayar da hasken rana, baƙin abu yana shanye shi ya mai da shi zafi. A watan Afrilu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi kan haura digiri 40. A irin wannan ƙasa tamu kuma sai ga shi ana yayin rufin kwano baƙi ko ruwan hanta, ana shafe bangon waje da fenti mai duhu. Gobe da la'asar ku gwada. Ku ɗora tafin hannu a bango mai duhu da rana ta daka, sannan ku ɗora a kan fari. Hannunku zai ba ku labari. Kuma wannan zafin da bangon ya sha, ba ya tafiya tare da rana. Da dare yake amayar da shi cikin ɗaki, daidai lokacin da kuke neman barci.

A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, tsananin zafi ya hallaka mutane da yawa a shekarar 2010. Daga cikin matakan da hukumomin birnin suka ɗauka daga baya har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, domin farin rufi kan rage zafin cikin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Ba injin sanyaya ɗaki, ba kuɗin wuta. Mu ma ai mun san wannan, don farar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce.

Yanzu mu shigo cikin ɗaki. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Bango mai duhu kuwa kaɗan yake mayarwa. Ku kwatanta daren da aka ɗauke wuta. Yara uku sun kewaye fitila ɗaya mai caji suna aikin makaranta. In bangon mai haske ne, sai hasken ya bugi bango ya dawo, ɗakin duka ya waye. In bangon shuɗi ne mai duhu, sai hasken ya tsaya a gindin fitilar, yaran su yi ta gwara kai suna matse ido. Fitila ɗaya ce, bango ne ya bambanta. Saboda haka ɗakin da tagarsa ɗaya ce ƙarama, ko ɗakin da katangar maƙwabci ta tare masa rana, launi mai haske ya dace da shi.

Amma fa ban ce a mai da kowane ɗaki fari tas ba. Fari ƙal, ga farin ƙwan lantarki a sama, wasu sai su ji kamar a ɗakin jinya suke. Ruwan madara yana nan. Ruwan ƙasa mai haske yana nan. Kore ko shuɗi da aka tsarma sosai da fari, su ma suna mayar da haske ba tare da sun kashe ido ba.

Tunda na ambaci ƙwan lantarki, bari in tsaya a kansa kaɗan, don shi ma launi gare shi. In za ku saya, ku duba jikin kwalin. Za ku ga wata lamba da harafin K a ƙarshenta. In kun ga 2700 ko 3000, haskensa ya karkata zuwa ruwan ɗorawa, irin na fitilar ƙwai. In kun ga 6500, fari ne fat mai ratsin shuɗi, irin hasken tsakar rana. Me ya sa wannan ya shafe mu? Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, ana kiransa melatonin. Aikinsa shi ne ya shaida wa jiki cewa lokacin barci ya yi. Haske mai ƙarfi, musamman mai ratsin shuɗi, yana jinkirta fitowarsa. Don haka farin ƙwai a kai shi kicin da wurin karatu da wurin keken ɗinki. Ɗakin kwana kuwa a sa masa mai ruwan ɗorawa, mara ƙarfi. In maimaita: 6500 wurin aiki, 2700 wurin barci.

Sai batun zuciya. Shin launi yana sanyaya rai ko ya tayar da shi? Nan sai mun yi taka-tsantsan, don ana yawan zuzuta maganar. Gaskiya ne mutane da yawa sun fi samun natsuwa a cikin kore ko shuɗi mai haske. Gaskiya ne ja mai ƙarfi yana jan ido, yana hana shi sakat, shi ya sa ake alamar haɗari da shi. Amma launi ba magani ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike a Amurka, Alexander Schauss, ya ce wani nau'in ruwan hoda yana kwantar da hankalin masu faɗa. Aka shafa shi a ɗakin tsare fursunoni na sojan ruwa a birnin Seattle, wasu gidajen yari suka kwaikwaya. Da aka sake gwadawa daga baya da tsari mai kyau, ba a tabbatar da abin da ya faɗa ba. Saboda haka in wani ya ce miki fenti kaza zai raba ki da damuwa, ko zai hana maigida fushi, kada ki kashe kuɗinki a kan wannan.

Abin da launi ke yi wa zuciya yana tafiya ne da abin da mutum ya taso ya gani. A ƙasar Sin ja shi ne launin biki da murna. Mu kuwa, Musulmi da yawa in sun ga kore sai ransu ya tafi ga koriyar ƙubbar masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. Wani shuɗin baba ne ke tuna masa da turkuɗin kakarsa. Wata ruwan makuba ne ke mayar da ita gidan da aka haife ta. Shi ya sa na ce a tambayi mai ɗaki. Abin da ya sanyaya ran ƙawarki ba lalle ya sanyaya naki ba.

Akwai dai kore ɗaya da bincike ya goyi bayansa, shi ne koren ganye. A 1984 wani masani, Roger Ulrich, ya wallafa nazarin da ya yi kan majinyatan da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Wasu tagarsu tana kallon itatuwa, wasu tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar sauran ba. To, zogale ko lalle ko gwanda a tsakar gida, daidai inda za a hango daga taga, nawa za su ci?

Shawara biyu kafin mu bar launi. Ta farko, kada ku zaɓi fenti daga ɗan katin da ke shago kawai. Launi in ya bazu a babban bango ya fi ƙarfi. Ku sa mai fenti ya shafa ɗan wuri kamar faɗin faifai biyu, ku bari ya bushe. Ku dube shi da hantsi, ku dube shi da la'asar, ku dube shi da dare a hasken fitilarku. Sannan ku yanke shawara.

Ta biyu ta fi nauyi. Wasu fentocin mai, musamman rawaya da ja masu ƙyalli, akan sa musu dalma. Mu mun san gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, a can ta hanyar dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta shigo. Amma gubar ɗaya ce. In fenti mai dalma ya tsufa yana ɓarewa, yaro mai rarrafe ya kai ƙurarsa baki, tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin yaro da za a ce ba shi da illa. Don Allah ku karanta jikin gwangwani, ku nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. In an gama fenti kuma a buɗe tagogi kwanaki. Mai ciki da jariri da mai asma kada su kwana a ciki sai warin ya fita.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama tasharmu, zancen adon ɗaki muke yi da yadda yake shafar jin daɗin mai ɗaki. Mun gama da launi. Ga mu a kashi na biyu, zane.

Mu Hausawa mutanen zane ne. Ku dubi faifai, ku dubi ƙwarya, ku dubi hula. Ku shiga cikin birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, ku ga zayyanar da magina suka yi a fuskar gidaje, ga dagi, ga zankwaye a sama. Ku shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ku ɗaga kai ku ga bakan gizo. Babu wanda zai koya mana son ado.

Amma ku lura da inda gwanayen nan suke ajiye adonsu. A yawancin gidaje, bakin ƙofar zaure ake ƙawatawa, sauran katanga a bar ta haka. Kamar babbar riga ce: aska takwas tana wuya da aljihu, sauran yadin fili ne, kuma filin nan shi ke sa aikin ya fito.

Yanzu mu leƙa ɗakin amarya ranar jere. Gwaggo ta kawo labule mai manyan furanni. Yaya ta sa an manna wa bango takarda mai zanen zinariya. Kafet yana da nasa zanen, zanin gado yana da nasa, kujeru suna da nasu. A silin kuma an zagaye da ƙananan fitilu masu sauya launi, yanzu ja, an jima kore. Kowa da kyakkyawar niyya ya kawo nasa, kuma kowanne shi kaɗai yana da kyau. 'Yan ganin ɗaki za su yi guɗa su ɗauki hoto. Bayan mako guda kowa ya watse. Amarya ce za ta zauna, duk inda ta juya ido wani abu yana kiransa. Ido ma yana gajiya, jama'a. Yana son inda zai sauka ya huta.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. Wani masanin Ingila, Arnold Wilkins, ya daɗe yana nazarin yadda wasu zane-zane ke wahalar da ido. Ya nuna cewa ratsi-ratsi matsattsu masu tsananin bambanci, kamar baƙi da fari a jere, suna sa wasu jiri da ciwon kai, musamman masu ciwon ɓarin kai. Wasu masu farfaɗiya ma yana iya tayar musu da ita. In a gidanku akwai mai irin wannan lalura, ku guji labule ko tayil mai irin wannan ratsin.

Ga dabara mai sauƙin riƙewa: abu ɗaya ya yi magana, saura su saurara. In labule ne mai zane, bango ya zama fili. In kafet ne mai zane, kujeru su zama launi ɗaya. Sai a ɗauko launi guda daga cikin zanen a maimaita shi a matasan kujera. Abu ɗaya ya yi magana, saura su saurara. Iyayenmu da suke jere tasoshi da fanteka da tangaran tun daga ƙasa har sama, kayan suna da yawa, amma iri ɗaya ne a sahu ɗaya, babba a ƙasa ƙarami a sama. Tsarin ne ya sa ido ba ya ruɗewa.

Ina so in yi magana ta musamman a kan tsofaffinmu. Idon ɗan shekara 60 yana karɓar kusan kashi ɗaya cikin uku ne na hasken da idon ɗan shekara 20 ke karɓa. Abin da kai kake gani sarai, Baba tsoho a dushe yake ganinsa. In daɓen ɗaki zane ya cika shi, ba ya rabe zane da abin da ya faɗi a ƙasa. In matakala da ƙasa launinsu ɗaya, ba ya ganin inda takin ya ƙare. Masu kula da tsofaffin da ciwon mantuwa ya kama sun lura cewa baƙar darduma a bakin ƙofa kan yi musu kama da rami, sai su toge su ƙi wucewa. Maganin ba shi da tsada. A ja layin fenti mai launi dabam a bakin kowace matakala. Ƙofar banɗaki ta bambanta da bango. Butar Kaka ta zama mai launin da zai fito fili a kan daɓe.

To, sai kashi na uku, abin da fata ke ji.

Da asuba a watan Janairu, hunturu yana kaɗawa, ka sauko daga gado. Ƙafa ɗaya ta taka tayil, ɗaya ta taka tabarma. Tayil ya ji kamar ƙanƙara, tabarma kuwa lafiya lau. Abin mamaki, da za a auna su, zafinsu kusan ɗaya ne, tunda a ɗaki ɗaya suka kwana. Bambancin shi ne tayil yana zuƙe ɗumin ƙafarka da sauri, tabarma ba ta zuƙa. Wannan halin nasa shi ne ya sa yake da daɗin kwanciya a bazara. Ashe ke nan ya kamata ɗaki ya riƙa sauya shimfiɗa bisa lokaci. Da zafi a naɗe kafet a bar tayil ko siminti da tabarmar kaba. Da sanyi a dawo da shi, a fito da gwado da bargo.

Shi ya sa ba na goyon bayan kafet ɗin da ake mannewa bango zuwa bango a wannan ƙasa tamu. An yi shi ne don ƙasashen sanyi. Mu ƙurar hunturu gare mu. Tana shiga cikin gashinsa ta zauna, tsintsiya ba ta fitar da ita. A ciki ne wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani suke rayuwa, kuma suna cikin abin da ke tayar da asma da atishawa. Yaro kuma a nan yake rarrafe, a nan yake kwanciya. Shimfiɗar da za a iya ɗagawa a kakkaɓe a shanya a rana ta fi mana.

Haka zancen yadi. Zanin gado na auduga yana shan gumi, iska tana ratsa shi. Mai roba, ko da ya fi ƙyalli, yana riƙe zafi, ka farka a jiƙe. Kujerar leda tana da sauƙin gogewa, amma duk wanda ya zauna a kanta da azahar a bazara ya san yadda take manne wa jiki. In kuna da ita, ku yafa mata yadin auduga. In za ki sayi yadi, 'yar'uwa, kada ki tsaya ga kallo. Ki damƙe shi, ki goga shi a bayan hannunki. Fatarki ce za ta zauna da shi.

Kunne ma yana da rabonsa. Kun taɓa shiga sabon falo, tayil a ƙasa, bango sumul, babu labule? Magana kaɗan sai ta yi amsa-kuwwa. Cokali ya faɗi kamar an fasa kwano. Abu mai tauri yana mayar da sauti, abu mai laushi yana shanye shi. Gidan da yara suke da yawa, ga talabijin, ga janareta a waje, labule mai kauri da darduma da matasai suna rage hayaniya. In hayaniya ta ragu, ɗaga murya ma yana raguwa. Sai dai a lura, labule masu duhu da tufafin da ake ratayewa a bayan ƙofa maɓoyar sauro ce, a riƙa kakkaɓe su ana buɗe taga da rana.

Bango kuma, wannan fenti mai gurzaza a bar shi a waje. A cikin ɗaki ƙura yake riƙewa, ya kuma kuje gwiwar hannun yaro. Fentin mai mara dalma yana da amfani a kicin da ƙasan bango inda hannun yara ke kaiwa, don ana goge shi da tsumma. A ɗakin kwana fentin ruwa ya fi, tunda ba ya walƙiya a ido.

Na bar abin da ya fi damuna zuwa ƙarshe: santsi. Tayil mai sheƙi kamar madubi shi ake yayi yanzu, har a banɗaki, har a tsakar gida. Mu kuwa mutane ne masu alwala sau biyar a rana. Ruwa ba ya rabuwa da ƙasanmu. Ku dubi Hajiya Kaka ta fito daga kewaye da jiƙaƙƙen silifa, buta a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana laluben bango. Taki ɗaya ne tsakaninta da faɗuwa. Tsoho kuwa in ya karye a ƙugu, da yawa ba sa komawa tafiya kamar da. Haka mai juna biyu, haka yaro mai gudu. Daɓen iyayenmu, wanda mata ke bugawa da madaɓi su yayyafa masa ruwan makuba, bai san wannan santsin ba. Ban ce mu koma daɓe ba. Cewa nake a kasuwa akwai tayil mai kaushi, wanda aka yi musamman don wurin ruwa. In kun je saye, ku zuba masa ɗan ruwa ku goga da tafin hannu kafin ku biya.

Ina kira ga masu fenti da masu sa tayil: ku ne kuka san kayan nan, ku faɗa wa mai gida gaskiya ko da ba ita yake son ji ba. Ina kira ga iyayen amarya: kafin ku shiga kasuwa, ku zaunar da ita ku tambaye ta abin da ranta yake so, ku je ku ga girman ɗakin da tagoginsa. Wanda kuma yake da tsoho ko mai ciki a gida, ina roƙonsa kada ya kwana yau sai ya duba ƙasan banɗaki da wurin alwala. In akwai santsi, ya shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa, ya sa a kafa ƙarfen dafawa a bango.

Nan za mu dakata.